Superman: yadda mai tsalle ya koma mai tashi sama, da abin da ya baro a ƙasa

Superman na farko ba ya tashi sama. Wanda ya saba ganinsa a fim yana keta gajimare da jan mayafi zai ji maganar banbaraƙwai, amma haka take. A fitowar farko ta mujallar Action Comics, mai ɗauke da watan Yunin 1938, an jera abin da yake iyawa tun a shafin farko. Yana tsallen da ya kai kimanin mita 200, yana tsallake bene mai hawa ashirin, yana ɗaga kaya masu nauyin gaske, yana tsere wa jirgin ƙasa, kuma ba abin da ke huda fatarsa sai fashewar harsashin igwa. Iyakar abin ke nan. Idonsa ba ya fitar da wuta, ba ya tafiya wata duniya, kuma in aka jefa masa babban bom zai ji a jikinsa. Shekara ashirin da uku bayan haka, a 1961, an zana wannan mutumin dai yana yin atishawa guda, ta tarwatsa wata rana da duk duniyoyin da ke kewaye da ita.

Tsakanin tsallen nan da atishawar nan akwai tarihi mai tsawo, kuma ni abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne, duk lokacin da aka ƙara masa ƙarfi, sai abokan gabarsa su ƙara nisa da talaka.

Samari biyu ne suka ƙirƙire shi a birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka. Jerry Siegel ke rubutu, Joe Shuster ke zane. Dukansu an haife su a 1914, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai, kuma sun tashi a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, masana'antu suka rufe, magidanta suka rasa abin kai wa baki. Mahaifin Siegel ya rasu a 1932 lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi. Superman ɗin da suka fara bugawa a 1933 ma mugu ne, mai sanƙo, wanda ke juya tunanin mutane. Daga baya suka mayar da shi jarumi, suka yi ta yawo da shi gidajen jaridu na tsawon shekaru ana korarsu, kafin wani kamfanin buga mujallun labarin zane, wanda daga baya ya zama DC, ya saya. Shafi goma sha uku, dala goma kowane shafi, jimla dala 130. Da wannan kuɗin suka sayar da labarin da jarumin da duk abin da zai haifar.

A duba waɗanda yake faɗa da su a shekararsa ta farko. A labarin farko ya fasa ƙofar gidan gwamna cikin dare don ya hana a kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure. Ya tarar da wani yana dukan matarsa ya maka shi da bango. Ya tafi Washington ya cafke wani dillalin da ke sayen 'yan majalisa. A fitowa ta biyu ya tilasta wa wani mai ƙera makamai ya shiga soja ya je fagen yaƙin da yake cin riba da shi. A ta uku ya rufe wani mai ramin haƙar ma'adinai tare da baƙinsa masu kuɗi a cikin ramin, don su ɗanɗana abin da leburori ke sha. A farkon 1939 kuwa ya ce wa mazauna wata unguwar marasa galihu su kwashe kayansu, ya rushe gidajen da hannunsa domin gwamnati ta rasa yadda za ta yi sai ta gina sababbi. 'Yan sanda na nemansa ruwa a jallo a lokacin. Kirarin da mujallar ta yi masa shi ne gatan waɗanda aka zalunta.

Wannan Superman ɗin yana da zafin zuciya, yana razana mutane, wani lokaci ma yana wuce gona da iri. Amma ƙarfinsa daidai yake da abin da yake yaƙa. Mutumin da zai iya ɗaga mota ya isa ya firgita mai gidan haya azzalumi, kuma mai karatu ɗan shekara goma sha biyu ya san irin wannan azzalumin, wataƙila shi ne ke ƙwanƙwasa ƙofarsu ƙarshen wata.

Bayanin ƙarfin ma a lokacin mai sauƙi ne. An ce mutanen duniyarsu, wadda aka sa wa suna Kirifton, sun riga 'yan Adam ci gaban halitta nesa ba kusa ba, don haka kowa a can ƙaƙƙarfa ne. Siegel ya kawo misali da tururuwa mai ɗaukar abin da ya ninka nauyinta, da fara mai tsallen da in mutum ne zai tsallake unguwa. Mahaifin Superman ya sa shi a ƙaramin kumbo yana jariri kafin duniyar ta fashe, wasu suka tsince shi suka raine shi. Masu nazari da dama sun lura da yadda wannan ya yi kama da ƙissar jaririn da aka sa a akwati aka saki a ruwa, kuma ba abin mamaki ba ne irin wannan hoto ya fito daga samarin da suka tashi a gidajen Yahudawa.

To me ya ɗaga shi sama? Rediyo da majigi. A watan Fabrairun 1940 aka fara wasan kwaikwayonsa a rediyo, Bud Collyer na yin muryarsa. A rediyo ba a ganin tsalle, amma ana jin ƙarar iska, don haka tashi ya fi daɗin saurare. A 1941 kamfanin 'yan uwan Fleischer ya fara yin gajerun finafinan zane masu motsi a kansa, guda goma sha bakwai aka yi zuwa 1943. Masu zanen suka ga in yana ta tsalle kamar kwaɗo abin ba ya kyau a allo, suka nemi a bar shi ya tashi. Mujallun suka bi sahu. Wato babbar alamar da duniya ta san shi da ita ba daga tunanin masu ƙirƙirarsa ta fito ba, buƙatar makirufo da allon sinima ce ta haife ta. Wannan abu zai yi ta maimaituwa a tarihinsa.

A daidai wannan lokaci kamfanin ya gane cewa abin da ke hannunsa dukiya ce. Jarumin da ke sayar da kayan wasan yara da abincin karin kumallo ba zai ci gaba da rushe unguwanni yana gudun 'yan sanda ba. Editoci suka kafa masa doka: ba ya kisa, kuma yana tare da hukuma. A 1940 aka shigo da Luthor, masanin kimiyya mai mugun nufi, aka fara sauya masa abokan gaba daga masu zaluntar leburori zuwa masu ƙera na'urorin hallaka duniya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara tona matsalar ƙarfinsa. A Fabrairun 1940, kafin Amurka ta shiga yaƙin, Siegel da Shuster sun yi wani gajeren labari a mujallar Look inda Superman ya cafko Hitler da Stalin ya kai su gaban shari'a a Geneva. Shafi biyu, yaƙi ya ƙare. Amma da samarin Amurka suka fara mutuwa da gaske, irin wannan labari ya zama cin fuska ga iyayensu. Sai aka nemo dabara: Clark Kent, wato shi Superman ɗin a shigarsa ta ɗan jarida, ya je gwajin shiga soja, garin ɗoki idonsa mai ratsa bango ya karanta allon gwajin ido na ɗakin da ke gaba, likita ya ce bai gani sosai, aka sallame shi. Aka bar shi a gida yana tallata takardun lamunin yaƙi a bangon mujallu. Tun daga nan marubutansa suka shiga wahalar da ba su fita ba har yau, ta neman dalilin da zai hana mai iya komai ya gyara komai.

Amsar da ta fi shahara ita ce koren dutsen nan, kiriftonait, ɓarɓashin duniyarsa da ta fashe. A rediyo ya fara fitowa a 1943, bai shiga mujallu ba sai 1949. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san duk ɗan tauri yana da makari, kuma a tatsuniya ba a kayar da dodo sai an gano lagonsa. Abin da ya sa wannan makarin ya yi ma'ana shi ne asalinsa: abin da ke kashe shi guntun garinsu ne. Amma marubuta suka mayar da shi sandar dogarawa. Duk lokacin da labari ya cije, sai wani ɗan fashi ya zaro dutsen daga aljihu, har ya zama kamar tsakuwar bakin hanya.

Rediyon nan dai ya yi wani abin da ya cancanci a tuna. A 1946 an yi jerin shirye-shirye goma sha shida inda Superman ya tunkari wata ƙungiyar masu rufe fuska da ke ƙona gicciye, wadda kowa ya san Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata, ake nufi, suna tsangwamar wani iyali 'yan asalin Sin. A ganina nan ne Superman na 1938 ya sake leƙowa, domin abokan gabar suna nan da ransu a garuruwan da ake sauraren shirin.

Daga nan sai shekarun 1950. An yi ta zargin littattafan labarin zane da lalata tarbiyyar yara, har majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai a 1954, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tace labarai. Dokokinta sun hana nuna 'yan sanda, alƙalai da jami'an gwamnati ta yadda za a raina su. Da wannan doka, rabin labaran shekarar farko ba za su bugu ba. Ƙofar ƙasa ta rufe, saura sama. A ƙarƙashin edita Mort Weisinger, wanda ya riƙe mujallun har 1970, duniyar Superman ta kumbura. Karensa Krypto ya zo a 1955. A 1958 aka kawo wani mugu mai suna Brainiac da birnin Kandor na Kirifton da aka ƙanƙance aka sa a kwalba, da katafaren gidansa na kaɗaici a yankin ƙanƙara mai makullin da shi kaɗai ke iya ɗagawa. A 1959 'yar baffansa Supergirl ta sauka. Dutsen ma ya yi 'ya'ya: ja mai sauya masa halitta na ɗan lokaci, da ruwan zinariya mai raba shi da ƙarfinsa har abada.

Ƙarfin kuwa ya tashi daga abin aunawa. Yana gudun da ya wuce haske, yana ratsa zamani ya koma jiya, yana tura duniyoyi daga mazauninsu, yana jefa muryarsa wani gari, yana sa mutum barci da kallo, yana daskarar da tafki da numfashi. Zafin idonsa, wanda da farko wani ɓangare ne na ganinsa mai ratsa bango, aka ware shi ya zama makami mai zaman kansa. Tsohon bayani na tururuwa da fara ya kasa ɗaukar wannan kaya. Aka ce ai Kirifton ta fi duniyarmu ƙarfin jan abu ƙasa, shi ya sa nan komai ke masa sauƙi. Wannan ya bayyana tsalle da ɗaga mota, bai bayyana wuta daga ido ba. Sai wajen 1960 aka tsayar da bayanin da ake amfani da shi har yau: ranar Kirifton ja ce, tamu rawaya, jikinsa kuma yana shan hasken rawayar rana ya mayar da shi ƙarfi. Wannan bayani yana da amfani biyu, domin ya ba marubuci maɓallin kashewa. In aka kai shi ƙarƙashin jar rana, ya zama kamar kowa. Da wannan dabara ce a 1978 aka haɗa shi dambe da Muhammad Ali a wata babbar mujalla, aka cire masa ƙarfin, Ali ya lakaɗa masa duka har aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Ba na raina labaran zamanin Weisinger. Tunda ba wanda zai iya dukansa, sai marubuta suka koma cikin zuciyarsa: maraicinsa, kewar garin da bai sani ba, tsoron kada Lois Lane, 'yar jaridar da suke aiki tare kuma yake so, ta gano sirrinsa, baƙin cikin kasa mayar da mutanen Kandor girmansu. Wasu daga cikin mafi taɓa zuciya Siegel ne da kansa ya rubuta su, bayan ya dawo aiki a 1959 a kamfanin da ya taɓa sallamarsa, ba tare da ana sa sunansa ba. Amma mai gidan haya azzalumi ya ɓace daga shafin gaba ɗaya.

A 1971 aka yi yunƙurin farko na rage masa ƙarfi. Sabon edita Julius Schwartz da marubuci Dennis O'Neil suka sa wani gwajin kimiyya ya mayar da duk kiriftonait ɗin da ke duniya baƙin ƙarfe, sannan wata halitta ta yashi ta zuƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Clark Kent ya bar jarida ya koma karanta labarai a talabijin. Gyaran ƙarfin bai daɗe ba, marubutan da suka biyo baya suka yi kamar ba a yi ba. Fim ɗin 1978 da Christopher Reeve ya fito a ciki ma ya ƙare ne da Superman yana zagaya duniya da gudu har lokaci ya koma baya don ya ceto Lois daga mutuwa.

Gyaran da ya kama ƙasa shi ne na 1986. Bayan DC ta share tarihin jarumanta ta sake lale, aka ba John Byrne aikin sake gina shi daga tushe. Ya rage ƙarfin sosai: ba tura duniyoyi, ba tafiya cikin zamani da gudu, in zai fita sararin samaniya sai ya riƙe numfashi. Ya share karen da 'yar baffan, ya bar shi shi kaɗai ya tsira daga Kirifton. Ya bar iyayen riƙonsa da rai a gonarsu ta Kansas, yana zuwa neman shawara. Luthor ya tashi daga masanin kimiyya ya zama hamshaƙin attajirin da ya mallaki rabin Metropolis, birnin da Superman ke zaune, attajirin da doka ba ta iya taɓawa. Mafi muhimmanci, Byrne ya juya tambayar wane ne na gaskiya. A da Clark Kent shiga ce kawai ta ɓad-da-kama, mai tsoro da rawar jiki. Yanzu Clark ne mutumin, Superman kuma rigar aiki. Wannan sauyi ya fi rage ƙarfin tasiri, domin attajirin da ke sayen alƙalai ba a kayar da shi da naushi, sai da hujja, hujja kuwa aikin ɗan jarida ne.

A ƙarshen 1992 aka kashe shi. Dalilin ma daga talabijin ya zo: marubutan sun shirya aurensa da Lois, aka ce su dakata saboda wani sabon shirin talabijin da ke son a yi auren tare, sai suka cike gurbin da mutuwa. Wata halitta mai suna Doomsday, wadda ba ta magana ba ta tunani, ta yi ta musayar naushi da shi har suka faɗi tare a titin Metropolis. An sayar da miliyoyin kwafi, jaridun duniya suka ɗauka, mutane suka yi layi suna saye don ajiya. Kafin 1993 ta ƙare ya dawo, aka ɗaura auren a 1996. A 1997 aka mayar da shi wata halitta ta lantarki mai shuɗin jiki, har aka raba shi biyu, ja da shuɗi, masu karatu ba su karɓa ba, aka mayar da shi yadda yake a 1998. Ƙarfin da Byrne ya rage kuwa ya ci gaba da hawa a hankali, don kowane sabon marubuci yana son nasa dodon ya fi na baya girma.

Takensa ma ya sha sauyi. Tun zamanin yaƙi aka ƙara "tafarkin Amurka" a kan gaskiya da adalcin da aka ce yana karewa, shirin talabijin na George Reeves a shekarun 1950 ya kafe shi a kunnen jama'a. A 2011, a fitowa ta 900 ta Action Comics, an yi wani gajeren labari inda ya tsaya tare da masu zanga-zanga a Tehran, sannan ya ce zai ajiye takardar zama ɗan Amurka don kada a riƙa ɗaukar aikinsa a matsayin manufar gwamnati. Hakan ya tayar da ƙura a Amurka. A 2021 kamfanin ya cire sunan ƙasar daga taken a hukumance, ya sa "gobe mai kyau" a gurbinsa. A 2011 ɗin dai marubuci Grant Morrison ya sake rubuta farkonsa, ya mayar da shi matashi mai wandon jins da riga mai gajeren hannu, yana tsalle ba ya tashi, yana riƙe da wani attajiri a bakin bene sai ya amsa laifinsa. Duk wanda ya san labaran 1938 ya gane inda aka dosa. Fim ɗin 2025 kuma ya buɗe ne da shi kwance a ƙanƙara jina-jina, ya sha kashi, laifinsa shi ne ya hana wata ƙasa mai ƙarfi mamaye maƙwabciyarta ba da izinin kowa ba. Da alama duk wanda ya zauna ya yi tunani sosai a kan jarumin nan, ƙarshenta sai ya rage masa ƙarfi ya dawo da shi kusa da mutane.

Su kuwa samarin Cleveland, abin nan ne na kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sun kai kamfanin ƙara a 1947 suna neman haƙƙinsu, ba su samu jarumin ba, aka sallame su, aka cire sunayensu daga mujallun. Idon Shuster ya yi rauni har zane ya gagare shi, ya koma aikin kai saƙo. Siegel ya ƙare yana aikin akawu da ƙaramin albashi. Sai a 1975, ana shirin babban fim, da Siegel ya kai kukansa ga 'yan jarida kuma wasu masu zane irin su Neal Adams suka tsaya musu, kamfanin ya amince ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu. Mutanen da suka ƙirƙiri gatan waɗanda aka zalunta sun yi kusan shekara talatin ba mai tsaya musu, kuma wannan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna. Shuster ya rasu a 1992, 'yan watanni kafin a buga mutuwar jaruminsa, Siegel ya bi shi a 1996. A Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi guda na mujallar nan ta 1938, wadda aka sayar senti goma a zamaninta, a kan dala miliyan 6.

A dokar Amurka, haƙƙin mallakar aikin da aka buga a 1938 yana ƙarewa bayan shekara 95. Ranar 1 ga Janairun 2034 labarin farko zai fita daga hannun kamfani, kowa ya iya ɗaukarsa ya rubuta nasa, ko da yake tambarin kasuwanci da duk abin da aka ƙara daga baya za su ci gaba da zama na DC har nasu wa'adin ya cika. Wanda za a saki a ranar ba shi da kiriftonait, ba shi da gidan ƙanƙara, bai san Luthor ba, kuma ba ya tashi sama. Shi ne mai tsallen mita 200 ɗin nan, wanda ya fasa ƙofar gwamna cikin dare saboda wata mata da za a kashe da asuba.